Ƙofa da Iso: Tarihin Ganin Shugaba Ido da Ido a Siyasar Arewacin Nijeriya

Gabatarwa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wannan karin magana ya fi dacewa da sha'anin manyan mutane, domin sunan shugaba yakan kai inda ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba, kuma galibin waɗanda ke ƙarƙashin mulkinsa sukan ƙare rayuwarsu ba su san shi ba sai a bakin mutane, ko a jarida, ko a rediyo. Shi ya sa wanda ya taɓa saduwa da shugaba ido da ido yakan riƙe labarin wannan rana har tsufansa. A garuruwan Arewa akan sami dattijon da in hira ta yi nisa zai ce shi ya ga Sardauna da idonsa, wani kuma ya ce shi ya zauna tabarma ɗaya da Malam Aminu Kano, kowannensu yana faɗa yana jin cewa ya riƙe wani yanki na tarihi a hannunsa.

Manufar wannan lacca ita ce a ɗauki irin wannan saduwa a matsayin abin nazari. Akwai tambayoyi uku da ya kamata a yi wa kowane labarin ganawa da shugaba. Ta hannun wa baƙon ya bi kafin ya shiga? A ina ya zauna, kuma a cikin wane hali? Da me ya fito? Za a nuna cewa amsoshin waɗannan tambayoyi sukan bayyana irin siyasar shugaba fiye da abin da takardun manufofin jam'iyyarsa suka faɗa. Za a fara da al'adar fada, wadda ita ce tushe, sa'an nan a duba ƙofofin mutane biyu da suka fi kowa tasiri a siyasar Arewa tun daga 1950, watau Alhaji Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, da Malam Aminu Kano.

Al'adar fada

Harshen Hausa kansa ya adana tsarin ganin shugaba a cikin kalmominsa. Baƙo ba ya faɗa wa babban mutum kai tsaye, sai ya nemi iso, watau wani na gida ya shiga ya sanar da zuwansa, ya komo da izini. In buƙatar babba ce sai ya yi kamun ƙafa da wanda ake jin maganarsa. Kalmar gaisuwa kuwa tana da ma'ana biyu, domin tana nufin sallamar baki, tana kuma nufin abin da aka riƙo a hannu aka kai wa na gaba. Wanda ya je ya miƙa wuya ga babban mutum an ce ya yi caffa, daga nan ya zama bara, wancan ya zama ubangidansa, kowannensu da hakkin da ke kansa: bara ya yi biyayya da hidima, ubangida ya yi sutura da ciyarwa da kariya.

A fadar sarki wannan tsari ya kai matuƙa. Mai neman ganin Sarkin Kano yakan wuce soro bayan soro, ta hannun manyan bayin sarki irin su Shamaki da Ɗanrimi da Sallama. Yakan tuɓe takalmansa tun daga nesa, in ya iso ya zube ya yi gaisuwa. Sarki yana zaune da amawali a bakinsa, ba safai yake amsawa da kansa ba, fadawa ne ke amsawa a madadinsa, su ce Sarki ya gaishe ka. A daular Sakkwato ma an ba tsarin suna. Kowace masarauta tana da ƙofarta a birnin Sakkwato, watau wani babban ɗan majalisar Sarkin Musulmi wanda ta hannunsa wasiƙu da kyaututtuka da ƙararrakin wannan masarauta ke bi. Waziri, alal misali, shi ne ƙofar Kano da Zazzau. Ashe ke nan a siyasar Hausa kalmar ƙofa tana iya nufin mutum, kuma darajar wannan mutum tana tashi ne gwargwadon wuyar ganin ubangidansa.

Malamai sun daɗe da lura da haɗarin da ke cikin haka. Tarihin Kano ya danganta wa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, gina sabuwar fada da shigo da kakaki da figini da sauran kayan alfarma da ke ƙara wa sarauta kwarjini. A zamanin wannan sarki ne Shehu Magili ya sauka Kano, wajen 1492, ya rubuta littafinsa a kan wajiban sarakuna, kuma gargaɗin da ya yi ta nanatawa a cikinsa ya shafi sarkin da ke ɓoye kansa daga talakawansa. Sarkin da ya ƙara yawan soraye shi aka yi wa nasihar ya riƙa fitowa.

Bayan shekara kusan 300 aka yi wata ganawa da ta shahara a tarihin ƙasar Hausa. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami lokacin Babbar Salla, ya raba musu kyauta mai yawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar nasa rabon, ya nemi a musanya masa da buƙatu biyar: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki ɗaurarru, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Sarki ya amince. Abin lura a nan shi ne baƙon ya gane cewa in ya fito da kyauta a hannu to ya bar bakinsa a fada. Tun daga wannan lokaci akwai al'adu biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa a ƙasar Hausa, ta mai zuwa fada ya karɓa, da ta mai zuwa ya faɗa.

Zuwan Turawa da zuwan ƙuri'a

Da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903 ba su rushe sorayen ba, sai ma suka ɗora wasu a kansu. Talaka yana ƙarƙashin mai unguwa, mai unguwa yana ƙarƙashin dagaci, dagaci yana ƙarƙashin hakimi, hakimi yana ƙarƙashin sarki, sa'an nan a sama ga Di'o da Razdan da Gwamna. Kukan manomi sai ya hau wannan tsani duka kafin ya kai kunnen mai iya share masa hawaye, kuma sau da yawa wanda yake ƙara shi ne matakin farko na tsanin. Bature ma ya gaji tsarin gaisuwar, ana durƙusa masa a bakin hanya ana ce masa zaki.

Waɗanda suka fara taɓa wannan tsari su ne malaman makaranta. A farkon shekarun 1940 aka kafa Majalisar Taɗi a Bauci, inda ma'aikatan En'e da malaman Midil da Turawan mulki ke zama wuri ɗaya su yi muhawara. A cikin 'yan majalisar akwai Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano. Sabon abu ne ƙwarai a lokacin a ga ƙaramin ma'aikaci ya dubi na gaba da shi ya yi masa tambaya a bainar jama'a, kuma majalisar ba ta yi tsawon rai ba, domin tambayoyin sun kai har ga albashin sarakuna. A watan Agusta na 1950 Malam Abubakar ya kai maganar Majalisar Wakilai ta Kaduna, ya kawo batun a binciki tsarin mulkin En'e a gyara shi yadda talaka zai sami ta cewa. A cikin wannan wata ne kuma, ran 8 ga Agusta, aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano.

Amma abin da ya juya al'amarin baki ɗaya shi ne ƙuri'a. Zaɓen 1951 hawa-hawa aka yi shi, kuma En'e tana da ikon cusa mutanenta a hawa na ƙarshe, saboda haka 'yan NEPU da suka yi nasara a hawan farko a Kano ba su kai majalisa ba. A zaɓen tarayya na 1959 kuwa kowane baligi namiji a Arewa ya sami damar jefa ƙuri'arsa kai tsaye. Cif Obafemi Awolowo ya riƙa sauka ƙauyukan Arewa a jirgi mai saukar ungulu yana neman goyon baya, dole shugabannin Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau NPC, su ma suka bazama gari-gari. A da talaka ke tattaki ya je ganin mai mulki, yanzu ga mai mulki ya sha ƙura ya zo ganin talaka. NPC ta ci kujeru 134 daga cikin 312 na majalisar tarayya, NEPU ta sami 8.

Ƙofar Sardauna

Ahmadu Bello ɗan sarauta ne gaba da baya. Jika ne ga Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, ɗan Muhammadu Bello, ɗan Shehu. Ya yi Kwalejin Katsina daga 1926 zuwa 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, aka naɗa shi hakimin Raba a 1934. A 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi, Allah ya ba Abubakar na Uku, shi kuma aka ba shi Sardauna. Da ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954 sai ya zo Kaduna da tarbiyyar gidan sarauta, ya zuba ta a cikin ofishin zamani. Ko da jam'iyyarsa ta sami ikon kafa gwamnatin tarayya bai tafi Ikko ba, ya bar wa mataimakinsa Malam Abubakar kujerar Firayim Minista, shi ya zauna kusa da jama'arsa. Saboda haka akasarin mutanen Arewa sun san Malam Abubakar ne ta muryarsa a rediyo, Sardauna kuwa sun san shi a rangadi, dogon mutum cikin rawani da alkyabba.

Gidan Firimiya a Kaduna bai rabu da baƙi ba. Ministoci da sarakuna da malamai da 'yan kasuwa da ɗalibai duk suna zuwa, kuma an san Sardauna da cin abinci cikin jama'a, da tambayar mutum asalinsa da iyayensa, da riƙe sunan wanda ya taɓa gani. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne kyauta. Riguna da rawuna da turare da kuɗi suna fita daga hannunsa ba ƙaƙƙautawa, har ya kasance da wuya mutum ya je gaishe shi ya fito hannu rabbana. Wanda ya san al'adar fada zai gane cewa wannan riga tana da ma'ana. Ita ce suturar da ubangida ke yi wa bara, kuma wanda ya sa ta ya shiga cikin mutanen Sardauna, an san da shi, shi ma ya san abin da ake jira daga gare shi.

Babban misalin yadda saduwa ɗaya da Sardauna ke iya sauya rayuwar mutum shi ne na Malam Abubakar Mahmud Gumi. A 1955 Malam Abubakar yana matashin malami da ya je ƙaro ilmi a Sudan, daga can ya wuce aikin hajji. A wannan shekara ce Sardauna ma ya yi hajjinsa, yana kuwa bukatar mai yi masa tafinta a gaban mahukuntan Makka. Larabcin matashin ya burge shi. Daga nan aka ba Malam Abubakar aikin kula da alhazai a Jidda, a 1960 ya zama mataimakin Alƙalin Alƙalai na Jihar Arewa, a 1962 ya zama Alƙalin Alƙalai, ya kuma kasance babban mai ba Firimiya shawara a kan sha'anin addini. Ƙofar ba ta tsaya kan Musulmi ko Hausawa ba. Sunday Awoniyi, Kirista daga Mopa a lardin Kabba, ya yi aiki a ofishin Firimiya, ya kuma shaƙu da shi har aka yi masa laƙabi da Sardauna Keremi, watau ƙaramin Sardauna. Ta irin wannan hanya, mutum bayan mutum, Sardauna ya tara samarin da suka gaji Turawa a aikin gwamnatin Arewa, a ƙarƙashin manufarsa ta fifita 'yan Arewa wajen ɗaukar ma'aikata.

Wannan tsari yana da ƙarfi, domin ya haɗa jiha mai faɗi, mai ƙabilu da addinai daban-daban, da zaren sanayya. Yana kuma da rauni iri biyu. Na farko, alherin yana bin wanda aka gani ne, wanda ba shi da mai yi masa iso kuwa sai ya jira rangadi. Na biyu, tsarin ba shi da mazaunin da ya tanadar wa wanda ya zo don ya ce a'a. A shekarun da ake raba riguna a Kaduna, 'yan NEPU suna shan ɗauri da bulala a kotunan alƙalai da gidajen yarin En'e, ƙasar Tibi kuma, inda jam'iyyar Joseph Tarka ke da rinjaye, ta yi bore a 1960 da 1964. Sarakuna ma sun gane cewa ƙofar Kaduna ta fi tasu tsawo a 1963, sa'ad da binciken kuɗin En'en Kano ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi da tafiyarsa Azare.

Ƙofar Malam Aminu

Malam Aminu Kano ɗan gidan malamai ne da alƙalai. An haife shi a 1920, ya tashi a unguwar Sudawa a birnin Kano, ya yi Kwalejin Kaduna daga 1937 zuwa 1942, ya koyar a Midil ta Bauci, ya yi shekara guda yana karatun aikin malanta a Landan, sa'an nan aka kai shi makarantar horon malamai ta Maru. A 1950 ya ajiye aiki ya rungumi siyasa, a 1953 ya zama shugaban NEPU. Tun da yake ya tashi a gindin fada, ya san tsarinta ciki da waje, kuma ya gane cewa ikon masu sarauta bai dogara ga dogari da ɗan doka kaɗai ba. Ya dogara ga abin da talaka ya saba yi da jikinsa in ya ga mai rawani. Muddin gwiwarsa tana kai ƙasa tun ba a ce masa ya durƙusa ba, to bakinsa ba zai iya tambayar inda kuɗin harajinsa ya tafi ba.

Saboda haka karatun da NEPU ta riƙa biya wa talakawa ya haɗa da yadda za su tsaya a gaban manya. An koya musu cewa zubewa ƙasa don ɗan Adam bai dace ba, cewa aikin tilas a gonar hakimi ba ya cikin doka, cewa wanda ya biya haraji yana da ikon neman rasit, wanda aka yi wa hukuncin zalunci kuma yana da ikon ɗaukaka ƙara. Masu sarauta sun ɗauki wannan a kan rashin kunya da lalata tarbiyya, mutane da yawa kuma sun sha ɗauri a kan laifin da bai wuce cin mutuncin hukuma ba a bakin masu ƙara. Ɓangarorin biyu sun fahimci juna sarai. Kowa ya san cewa rigimar gaisuwa rigimar mulki ce.

Malam ya yi aiki da wannan karatu a gidansa. Waɗanda suka je ganinsa, a Sudawa ko daga baya a gidansa na Gwammaja, sun yi ittifaƙi a kan sauƙin shiga da ƙarancin kayan alatu. Tufafinsa farare ne marasa ado, da jar hula. Ana samunsa a cikin almajirai da teloli da mahauta da 'yan koli da manoman da suka kawo kukan dagaci, kuma malanta ba ta bar shi ba, domin ya riƙa yin tafsiri da azumi, ya kuma dage a kan karatun mata. Baƙon Malam ba ya sa ran riga, don Malam ba shi da rigunan rabo. Abin da yakan fito da shi shi ne bayani a kan hakkinsa, ko takardar ƙara da aka taya shi rubutawa, ko aikin jam'iyya da aka ɗora masa wanda mai yiwuwa ne ya kai shi gidan yari. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ga mutumin da bai taɓa ganin mai ilmin boko ya saurare shi har ya gama magana ba, wannan shimfiɗa ba ƙaramar kyauta ba ce.

Misalin da ya yi daidai da na Malam Abubakar Gumi a wannan ɓangare shi ne na Hajiya Gambo Sawaba. An haife ta a 1933, ta tashi a Zariya, ta shiga NEPU tana 'yar shekara 17, a lokacin da mace ba ta da ƙuri'a a Arewa, balle ta hau dandamali. Ta miƙe ta yi magana a taron maza, kuma Malam Aminu ne ya yi mata laƙabi da Sawabiya, daga kalmar sawaba wadda ita ce taken jam'iyyar. Ta shugabanci matan NEPU, ta je Abekuta ta gana da Funmilayo Ransome-Kuti, an kore ta daga Kano, an kuma ɗaure ta sau 16 bisa ga ƙidayar da ta shahara. Matan Arewa ba su sami ƙuri'a ba sai a 1976. Saduwa da Sardauna ta kai matashin malami kujerar Alƙalin Alƙalai, saduwa da Malam Aminu ta kai matashiyar mace kurkuku, kuma kowannensu ya ci gaba da ganin girman wanda ya ɗora shi a kan hanya.

Ita ma wannan ƙofa tana da nata rauni. Jam'iyyar da ƙarfinta ya taru a zauren mutum ɗaya tana rayuwa ne da numfashinsa. A 1979 jam'iyyarsa ta PRP ta ci gwamnan Kano da na Kaduna, Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Balarabe Musa, gwamnatocin biyu kuma suka soke haraji da jangali, abin da NEPU ta daɗe tana fafutika a kai. Amma ba a yi nisa ba jam'iyyar ta dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, har waɗanda suka yi shekaru suna zama gaban Malam suka juya masa baya, kowane ɓangare yana cewa shi ne ya riƙe aƙidarsa ta gaskiya. Bayan rasuwarsa ran 17 ga Afrilu 1983 jam'iyyar ba ta sake komawa ƙarfinta na da ba.

Yadda za a auna labarin wanda ya gani

Ɗalibin tarihi da ya fita tattara irin waɗannan labarai zai tarar cewa kusan dukkansu yabo ne, kuma akwai dalilin haka. Ruwan da ya daki mutum shi ne ruwa a wurinsa. Wanda aka yi wa iso, aka tambayi lafiyar mahaifinsa, aka sa masa riga, shi ke ba da labari. Wanda ya yini a bakin ƙofa bai shiga ba yakan yi shiru, don ba abin alfahari a cikin labarinsa. Bugu da ƙari, kisan gillar da aka yi wa Sardauna da talaucin da Malam ya rasu a cikinsa sun sa mutane suna tuna su da tausayi, suna kuma auna su da shugabannin da suka biyo baya. Sa'an nan mai ba da labarin ganawa da babban mutum kansa yake ɗagawa, ko ya sani ko bai sani ba.

Wannan bai sa a zubar da labaran ba. Abin da ake bukata shi ne a jera su da wasu shaidu, kamar takardun kotunan alƙalai, da muhawarar majalisa, da rahotannin larduna da ke ajiye a ma'adanar tarihi ta Kaduna, da tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ya kamata kuma ɗalibi ya tambayi mai ba da labarin wanda ya yi masa iso, da wanda ya gani zaune a waje sa'ad da yake fitowa. Sau da yawa amsar wannan tambaya ta fi kwatancin fuskar shugaba amfani.

Kammalawa

A daren 15 ga Janairu 1966 sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka afka wa gidan Firimiya, suka kashe Sardauna da uwargidansa Hafsatu. Bayan shekara 10, ran 13 ga Fabrairu 1976, aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikin cunkoson motoci a Ikko, yana tafiya ofis ba tare da rundunar tsaro ba. Shugabannin da suka biyo baya sun ɗauki darasi daga waɗannan ranaku, katangu suka ƙara tsawo, jerin motoci da jiniya suka zama shaidar mulki. A 1991 fadar gwamnatin tarayya ta koma Abuja. Gidajen mutanen biyu da aka yi magana a kansu kuwa sun zama wuraren nazari. Na Sardauna shi ne Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1970, na Malam kuma shi ne Gidan Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero.

A tsakanin 1968 da 1976 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, aka kuma kafa ƙananan hukumomi. Ikon da ke cikin soron fada ya koma ofis, amma iso da kamun ƙafa da gaisuwa mai ma'ana biyu duk sun bi shi can. Talakan da ke neman takardar filinsa, ko fanshon mahaifinsa, ko gurbin karatun ɗansa, da wuya ya ga gwamna ko minista ido da ido. Wanda zai gani shi ne masinja da akawu da sakatare, kuma daga yadda suka karɓe shi zai yanke wa gwamnati hukunci. Ma'aikacin da ke zaune a bayan tebur shi ne ya gaji Sallama da Shamaki, ɗalibin jami'a kuma shi ne zai gaji ma'aikacin. Tambayoyi ukun da aka fara da su, na hannun da baƙo ya bi, da inda ya zauna, da abin da ya fito da shi, su ne za a yi wa wanda ya fito daga ofishinsu.